Hancina Ya Daina Jin Ƙauri

'Yata Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aikin asibiti, yaya maigidanki da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kumbiya-Kumbiya lafiya lau.

Tambaya gare ni. Gidajen nan da na yi ta zanawa a ma'aikata ana watsar da takardun, yanzu ƙanana nake gina su da kwali da gam da fenti. Nakan rufe ƙofa da taga, kada maƙwabta su ce tsohon injiniya ya koma wasan yara. Shekaranjiya Innarku ta ƙona miya har 'yan layi suka leƙo, ni ko ƙauri ban ji ba. Ta ce, "Malam, gam ɗin nan ya cinye maka hanci!" Jiri ma yakan ɗebe ni in na yi ruku'u.

Shin warin har jini yake shiga? Hancin yakan dawo? Buɗe taga ya isa, ko sai na bari gaba ɗaya? Ki faɗa mini gaskiya, amma ki sani ban da wannan babu abin da ke tashe ni da safe.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Tagar dai yau na buɗe ta, su yi ta kallo.

Baffanki