Ɗan Sululu a Falona

Litinin, 3 ga Maris

Bari tarihi ya shaida: yau da ƙarfe huɗu na yamma, falona ya faɗa hannun wani ɗan sululu na cikin talabijin, mai zamiya a kan katako mai tayoyi huɗu. An ci gari ba a harba ko kibiya ɗaya ba.

Auta ne ya jawo mana shi. Ƙanena, tela, shekara arba'in da ɗaya, wata uku ke nan yana gidana tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, hannun ya ƙi. Ya sa aka tono masa tsohuwar na'urar wasan bidiyonsa daga kwalin ƙyallaye a shago. Na'urar ta girmi 'yata ta fari. Sai an hure ta, an ɗan mare ta, kafin ta yarda ta karɓi faifai.

Laraba, 5 ga Maris

Wai wannan wasan kashi na biyu ne. Na ce me ya rage daga na farkon, ko ɗan sululun bai gama faɗuwa ba ne? Ko kallona bai yi ba.

Na karanta littattafai masu juzu'i biyu ba iyaka, kowanne da dalilin ci gabansa. Nan kuwa a hau ƙarfen matakala, a zame, a sha ƙasa, a tashi a sake.

Asabar, 8 ga Maris

Likitar gashin ƙashi ta ce in yatsun ba su fara kamawa nan da wata biyu ba, gara ya fara tunanin wata sana'ar. Mutumin da bai san komai ba sai almakashi da zare! Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa sau ɗari kullum. Ƙwallon na can ƙarƙashin kujera tana hutawa.

Na ce, "Auta, da girmanka?"

Ya ce, "Yaya, ɗan gusa, ka tare min."

Lahadi, 9 ga Maris

Ƙirrr, ƙwas. Ƙirrr, ƙwas. Shafi ɗaya na karanta sau huɗu.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗauki mataki. Yana shiga wanka na zare wayar na'urar na ɓoye ta bayan babban ƙamus, inda ba mai leƙawa a gidan nan sai ni. Na ɗora masa ƙwallon a kan madannin wasan. Maman yara ta gan ni, ta riƙe haɓa. "Malam, girma ya faɗi." Na ce ai magani ba ya daɗi.

Auta ya fito, ya dubi bayan talabijin, ya dubi ƙwallon, ya shige ɗaki. Na so ya yi musu. Hujja uku na tanada, duk sun tafi a banza.

Juma'a, 14 ga Maris

Falo tsit. Na gama babi biyu, kada a tambaye ni abin da ke ciki. A ɗaki yake cin abinci yanzu. Na leƙa, hannun yana ajiye a cinyarsa kamar na aro.

Litinin, 17 ga Maris

Asibiti. Likita ta lanƙwasa yatsun, ta ɓata fuska. Wai a wancan zuwan da muka yi, babban yatsa da manuni sun fi haka motsi, me ya daina yi? Auta ya ce, "Tambayi Yaya." Na tsaya ina nazarin hoton ƙashin baya da ke bango.

A mota ya yi magana, fuskarsa na kallon taga. Kashi na farkon ma yana nan cikin kwalin, amma da hannun dama kaɗai ana cinye shi. Na biyun kuwa, in aka hau ƙarfe sai an danne maɓallin hagu da manuni ana daidaita tsayuwa da babban yatsa, in ba haka ba a kife. Shi ya sa ya zaɓe shi.

"Ƙwallon nan ko na matsa ko ban matsa ba, shiru take. Wasan kuwa in yatsana ya saki, nan take zan gani."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Ka tambaye ni ne? Wa'azi ka yi."

Talata, 18 ga Maris

Na mayar da wayar. Na soka ta a ramin da ba nata ba, Maman yara ta gyara. Auta ya ƙi fitowa. Taurin kai, gadon gidanmu.

Don haka na zauna, da tabarauna da furfurata, na ɗauki madannin, na ƙure sauti. Ɗan sululun ya yi karo da bango. Ya faɗa rami. Ya kife a fili fetal, inda ko tsinke babu. A faɗuwa ta goma sha bakwai na ji ƙarar ƙofa.

"Haba Yaya, kashe shi za ka yi? Kawo nan!"

Ya kai hannu. Na hagun. Bai iya ƙwacewa ba, yatsu biyu kawai suka kama. Na ɗan ja don in gani. Bai saki ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ƙirrr, ƙwas, tun bayan karin kumallo. Na kwashe littattafaina na koma baranda.

Har gobe ban ce wasan na da ma'ana ba. Amma ni ne ban yi daidai ba.