Tsarabar Rogo Daga Kudu

Djamboutou, Garoua
3 ga Agusta

Yaya Khaula,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Tignère? Mu nan ruwa ya yi jinkiri, zafi kuwa ba a magana.

Kin tuna sandunan rogon da na kawo wa Baba tsaraba daga kudu? A gonar wani abokin karatuna na sare su. Na ga saiwar ta yi ƙiba, ban duba ganye ba. Shekara biyar ina karatun cututtukan shuka, ashe ido na bari a jami'a.

Yanzu ganyen ya murɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Na ɗaga guda ɗaya, fararen ƙudaje suka tashi kamar an kaɗe buhun gari. Su ne ke ɗaukar cutar daga shuka zuwa shuka, kuma zafin nan ya yi musu daɗi. Na kai wa Nadine ganyen, abokiyar aikina a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Ba ta yi min ko wasan da ta saba ba.

Kin san Baba, a wurinsa iri ba a kwana da shi a gida ɗaya. Gida bakwai ya raba wa, yana cewa irin 'yarsa mai digiri ne.

Yaya, tsoro nake ji. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Sadiƙa

11 ga Agusta

Yaya Khaula,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin 'yarki Nasiha ya sauka.

Nadine ta tabbatar. Cutar bairus ce, mai tsanani, ba ta da magani sai a tuge a ƙone. Na gaya wa Baba. Ya ce shekara arba'in yana noma, bai taɓa jin an ƙona abinci an kira shi magani ba. Na roƙa, na kawo hotuna. Daga baya ya yarda a ƙone nasa, amma kada maƙwabta su ji. Wai kyauta ba a bin ta gida a ce a dawo da ita, kuma a cewarsa ruwan sama zai wanke ganyen.

Jiya na bi ta gonar Inna Dela, matar marigayi Ishaku. Ta tuge tsohon irinta duka ta dasa nawa. Ta riƙe hannuna tana sa min albarka, ta ce ganyen ya yi ado. Bayan gonarta gonakin bakin kogi ne, har inda ido ya tsaya, iska kuma can take kaɗawa.

Da safen nan na ce wa Baba zan je gidajen bakwai ɗin. Ya ce, "Ki ce musu ni na aike ki. Kada su ce 'yata ta fi ni kunya."

Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Na ɗauki ashana da galan ɗin kalanzir, zan fara da Inna Dela. Ban san da me za ta ci tuwo bana ba.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Sadiƙa