Wayar da Aka Ce Murja Ta Zare

Daura,
9 ga Satumba, 1979.

Zuwa ga ɗana Kalilu,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Ikko. Allah ya tsare ka, ya ba ka sa'ar karatu. Mu nan sai godiya, gero ya nuna, ƙafar Malam kuma ta yi sauƙi har yana fita masallaci. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi, amma wannan magana ba ta ba wani ya rubuta ba ce.

Ka tuna da ka koma bayan hutu ka rubuto wa mahaifinka cewa ɗan allon lantarkin nan da ka haɗa da hannunka ya ƙi aika komai ga kwamfutar makarantarku. Ka ce ka kashe ka kunna, ka rage saurinsa ka ƙara, ko harafi bai fito ba, don haka ƙanwarka Murja ce ta zare waya daga igiyarsa, tunda ka gan ta da awarwaron waya mai launi. Yarinya ta yi ta kuka tana cewa ƙawarta ta Sandamu ce ta ba ta, ba wanda ya saurara, mai ilmin gida ya riga ya yi magana. Malam ya rantse ba za ta koma sakandare ba sai ran da allon ya yi aiki. Zango guda ya wuce ta tana daka da wanke-wanke, yaran unguwa suna kiranta ɓarauniyar waya.

Shekaranjiya Ya'u ɗan kawunka ya dawo daga kai shanu Ikko. Yana cin tuwo yana dariya ya ce ka nuna masa lambobi suna ta fitowa a takarda. Wai ka gaya masa igiyar lafiyarta lau, kai ne ka liƙa wayar aikawa ta allon a kan wayar aikawa ta kwamfuta, da ka musanya su nan take ya yi aiki, tun kafin azumi.

Tun kafin azumi, Kalilu. Katin barka da salla ka aiko mana, ba ka sa kalma ɗaya kan wannan ba. Ban san aikinku ba, kuskure kuwa kowa na yi, shirun ne ya ƙona mini rai. Na sa Ya'u ya maimaita a gaban Malam, Malam ya ce shi ba ya kwance rantsuwa da ji-ta-ji-ta, sai ya ga rubutunka. Ƙarshen watan nan za a buɗe makaranta, an ce in Murja ba ta je ba wata za a ba gurbinta. Ya'u ne zai kawo maka wannan, kada ya dawo hannu wofi. Kada kuma ka rubuta an gyara kawai, ka rubuta wanda ya ɓata.

Goggonka Haulatu da Nana suna gaishe ka. Na tambayi Murja ko in sa tata gaisuwar, ta ce in bar wurin haka nan.

Ni ce mahaifiyarka,
Kubura.