Ku Bar Kujerar Makaɗi Babu Kowa

Ni Rozika, mutumin garin Lunglei na kan tuddai, makaɗin gangunan ƙungiyar Daifim kuma na ƙarshe da ya rage a cikinta, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Kunnen hagu ne kawai ya ajiye aiki, shi ma ya daɗe, ƙarar farantan tagulla da nake duka tare da ganguna ta cinye shi. Likita ya yi mini bayaninsa na kuma gane: zuciyar da ta yi shekaru tana riƙe wa mutane bugu ta fara tsallake nata. Ban ji tsoro ba, na san Wanda zan tarar.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Hminga babba, Pari, da auta Sanga. Kada a jira na mutu. A karanta muku ranar Lahadi bayan sujada, ku uku a ɗaki ɗaya. In wani ya ce ba zai shiga ba sai wani ya fita, a ninke takardar a ba shi shayi har ya huce.

Na ɗaya. Gida na auta ne kamar yadda muka gada, don haka Sanga, gidan naka ne, da aladun da ke gangare da 'yan ayabar mahaifiyarku. Abu ɗaya na roƙe ka: ɗakin ƙasa, wanda ke tsakanin turakun da suka ɗauki gidan, kada ka ba da shi haya ko ka zuba masa buhuna. A can muka yi kiɗa fiye da rabin rayuwata.

Kwanakin nan da safe nakan sa a buɗe mini taga. Gajimare yana cika kwarin fal har kan tuddai su zama kamar tsibirai, sai in ga kamar zan taka shi in tsallaka. A can ƙetare nakan hango samari huɗu suna hawowa da batirin babbar mota rataye a gora. Hlira a gaba, hannu wofi, wai shi mawaƙi ne, kaya yana ɓata masa numfashi. Kunga da jitarsa a baya. Dawla da jita mai kaurin murya, yana tauna goronsa na kuhva, bakin nan ja wur. Ni a ƙarshe, kullum, saboda mai ganguna ya fi kowa tarkace.

Ba mu da komai da muka fara. Gari bai gama farfaɗowa daga shekarun tashin hankali ba. Kunga ya sassaƙa jitarsa ta fari da adda, ya ɗaura mata wayar tarho da ya tsinta a hanya, ni kuma garwar kananzir nake duka. Wata rana rediyon wani direba ya kamo mana wani kiɗan jita da ganguna mai ƙara, wai shi rok, daga nesa, yana zuwa yana ɗaukewa. Muka kasa kunne har ya ƙare. Hlira ya ce, "In wannan ƙarar tana iya kiran budurwa, me zai hana ta kira Ubangiji?" Shi ne ya raɗa mana suna Daifim, wato raɓa, mu da muka fi kowa hayaniya a gundumar nan.

Ranar da muka fara yi a taron matasan coci, ba mu kai rabin waƙa ba wani dattijon ikkilisiya ya taso a hankali, ya bi waya har gindin batiri, ya zare. Ya ce, "Yara, Ubangiji ba kurma ba ne." Kunga ya sunkuyar da kai da ladabi ya ce, "Mun sani, baba, mutanen bayan tudu muke yi wa." Aka hana mu majami'a shekaru. Sai muka koma bakin kasuwa da bayan babbar mota, ƙauye ƙauye, ana biyanmu da shinkafa da miyar ganye. Samarin da suka daina leƙa coci suka riƙa biyo mu, iyayensu mata suka riƙa biyo su, a ƙarshe dattawan suka biyo matan. Kaset ɗaya tal muka taɓa yi, mahaifiyarku Biaki ta sayar da shi a kasuwa kusa da kabewarta. Takan ce kabewar ta fi tafiya.

Na biyu. Kayan kiɗa duk sun taru a hannuna, don kowa da zai tafi ni yake bar wa. Jitar Kunga ta Hminga ce. Na san tun da aka naɗa ka dattijon ikkilisiya ba ka taɓa ta ba, amma a cinyar Kunga ka koyi jita kafin ka iya ɗaure takalmi, kuma har yau in ana waƙa a coci ina ganin yatsun hagunka suna motsi a kan Littafi Mai Tsarki. Jitar Dawla ta Sanga ce. Makirufon Hlira, mai lotsewa a ka, na Pari ne. Ba ya aiki sai an buge shi sau ɗaya a tafin hannu, kada ki kai shi gyara.

Na uku. Ba mai bina kuɗi, ni ma ba na bin kowa. Amma matar Dawla, Pi Chhingi, tana da haƙƙi a kanmu. Duk lokacin da aka yanka alade aka ƙyafe nama, a kai mata nata. Za ta ce gishiri ya yi yawa. Kada a yi musu da ita, a zauna a saurari labarin yadda Dawla ya zo neman aurenta da aron takalmina, ko da an ji shi a bara.

Na huɗu. Hminga da Pari. Kowa a unguwa ya san zancen, ba sai na ɓoye ba. Pari ta zo da ƙungiyarta daga birnin Shillong za su yi kiɗa a taron matasa, dattawa suka ƙi, kuma kai Hminga kai ka miƙe ka sanar a gaban jama'a. Ke kuma Pari kika ce masa a bakin ƙofar majami'a, kowa yana ji, "Yaya, da ƙarar nan aka ciyar da kai, yau ita ce ƙazanta?" Tun ranar ba ku zauna tebur ɗaya ba. Sanga ya zama ɗan aike tsakaninku har ya rame.

Ba zan ce wane ne da gaskiya ba. Hminga, na san nauyin da ke kanka, na kuma san dattijon da ya zare mana waya mutumin kirki ne, shi ya fara kuka ranar da aka maido mu majami'a. Pari, bakin nan naki na Hlira ne, ko da yake ba jininsa ba ce ke, kuma shi ma ya sha jawo mana. Abin da zan faɗa shi ne yana yi mini ciwo. Ya fi ƙirjin nan ciwo.

Na biyar, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Kun san waƙarmu ta rufe taro, wadda Hlira ya yi a kan ranar da gajimare zai yaye, mu hango gida. Kun kuma san abin da muke yi da ita, amma ba ku san mafarinsa ba.

Hlira ne ya fara tafiya, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin damina. Gidan makoki ya cika, an jera benci, jama'a sun yi ta waƙoƙin ta'aziyya da gangar coci kamar yadda aka saba. Kafin a fitar da shi, mu uku muka ɗauki kayan kiɗa. Wani saurayi mai murya ya matso zai karɓi makirufo. Kunga ya dafa shi ya ce, "Gurbinsa ne, ɗana, a bar masa." Muka yi waƙar babu murya. Ba wanda ya buɗe baki, amma na rantse kowa a ɗakin ya ji shi, har inda yakan makara da shiga baiti na biyu. Ba mu shirya ya zama al'ada ba. Da Kunga ya bi shi, ni da Dawla muka yi, babu murya babu jitarsa. Da Dawla ya tafi, ni kaɗai na zauna. Na buga sanduna na ƙirga shiga kamar kullum, na ɗaga kai in ba shi alama, sai na ga bango. Na kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, ganguna zalla, tsofaffin mata suna gyaɗa kai daidai inda ya kamata.

Yanzu mutanen gari suna cewa ranar tawa ba sauran mai kaɗawa, sai dai a zauna shiru tsawon waƙar a tashi. Wasu har suna ganin abin zai yi kyau. Ni ma na yi mafarkin hakan: ɗaki cike da mutane, kaya huɗu a jingine, gajimare yana shigowa ta taga yana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Na farka raina a ɓace. Ba don a yi shiru muka yi ta jan batiri a kan tuddan nan ba. In aka yi shirun nan, waƙar ta mutu tare da ni, yaran Sanga ba za su taɓa jin ta ba sai a kaset da ya riga ya fara cin kansa.

Don haka ga umarnina. Ranar da za a fitar da ni, bayan jama'a sun gama nasu da gangar coci, ku uku za ku tashi. Pari a gurbin Hlira, Hminga a gurbin Kunga, Sanga a gurbin Dawla. Na yi magana da marigayan a mafarki, sun yarda, Dawla ne kawai ya ce a gaya wa Sanga ya rage gaggawa. Hminga, in dattawa suka tambaye ka, ka ce wasiyyar uba ce, kuma gidan makoki ba majami'a ba ne. Kujerata kuwa ku bar ta babu kowa. Kada a ɗauko wani makaɗi, komai ƙwarewarsa.

Na san abin da na ɗora muku. Waƙar rok babu ganguna ba ta da abin dafawa. Hminga yana gudu da kiɗa, Pari tana jan ƙarshen baiti, Sanga yana bin wanda ya fi ƙara. Tsawon rayuwarku ni nake zaune a baya ina riƙe ku, a kiɗa da wajen kiɗa. Wannan karon ba mai riƙewa. Ba za ku kai ƙarshenta ba sai kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa, ya kuma dube shi a ido.

Abin ba zai yiwu ranar farko ba, sai kun gwada kun ɓata kun sake. Shi ya sa na ce a karanta yanzu. Ɗakin ƙasa yana nan, gadona yana daidai samansa, daɓen katako ne, kunnen dama kuma yana aiki. Ina so in ji ku ta ƙarƙashina ko sau ɗaya kafin in taka gajimaren nan. Ku yi faɗa a can in kun ga dama, mu ma mun yi, amma ku yi shi da kaya a hannu.

Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku, ku da 'ya'yanku. Ya sassauta wa Hminga kafaɗa, ya sanyaya wa Pari harshe ba tare da ya taɓa muryarta ba, ya hutar da Sanga daga aike. Ku ci abinci tebur ɗaya, ku binne ni kusa da mahaifiyarku, kada gidan nan ya rabu a bayana. Salamar Almasihu ta zauna tare da ku.

Mabuɗin ɗakin yana rataye bayan ƙofar kicin. Sandunana suna kan kujera, kada a ɗauke su. Ba wanda zai ƙirga muku shiga. Hminga, ka dubi ƙanwarka. In ka ga ta ja numfashi, ku shiga.

Mahaifinku,
Rozika