Taku Ashirin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Tunda kin ƙi tsayawa a bakin gadona in kina zagayen majinyata, na ba mai shara wannan takarda ta miƙa miki.

Jibi kwamitin tantance kwanakin jinya zai duba fayil ɗina. Kin san ƙa'idar: wanda ya iya taku ashirin da ƙafarsa, a sallame shi. Ke ce nas mai ƙirgawa. Ɗinkin cikina bai kame ba, gidana hawa na uku, kuma ni kaɗai ne. Ki rubuta goma sha biyu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ya jiki?

Yo ni za ka koya wa ƙa'idar? Ai kai ka rubuta ta lokacin kana shugaban kwamitin, har tafi aka yi maka. Ka manta Inna a gado na bakwai? Ta dafa bango, tana haki, ta yi taku ashirin da ɗaya, don kada ta kunyata ɗanta a gaban ma'aikatansa. Na durƙusa a ofishinka na roƙi kwana biyu kacal. Ka ce takarda ba ta san uwa ba. Kwana uku da sallamarta na tsinci gawarta a ƙasan matakalar gidanka.

Shekara shida ke nan, kuma wallahi ban yafe ba.

Allah ya ƙara sauƙi.
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Na yi kuskure, kuma kullum da shi nake kwana. Amma tsoro nake ji. Gobe in kin zo ba zan tashi ba. Abin da ban taka ba, ba za ki ƙirga ba.

Ki dubi zumunci.
Yayanki

Yaya,

Barka da hantsi. Yi kwanciyarka, ba sai ka tashi ba. Jiya bayan la'asar, da ka ɗauka na tashi daga aiki, ka je taga ka dawo. Ina bayan labule. Taku ashirin da shida. Ban ƙara ko ɗaya ba, kuma na riga na miƙa wa kwamiti.

Ka riƙe ƙarfen matakala da kyau. Ta biyar daga ƙasa har yanzu a fashe take.

Ka sauka lafiya.
Auta