Wanda Zai Riƙe Fartanyar Kayinu

Ladi,

Gaisuwa daga gida. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma cewa za ki yi in faɗa da baki, kina da aiki. To yanzu bakin ba shi da wanda zai faɗa wa, kuma fushi nake da ke.

Ruwa ya ɗauke da wuri kamar bara. Gero bai kai rabin rumbu ba. Gidan Audu sun kwashe sun koma Rijiyar Zaki da yaransu uku. Rifkatu 'yarmu ce ke girki yanzu, tuwonta duk gudaji, ba na ce mata komai. Yaran Makarantar Lahadi sun koma goma sha ɗaya.

Dattawan coci suka ɗora mini Ranar Yara ta bayan kaka, wai ni ne mijinki, kuma na yi sakandare. Suka ce idan bana ba ta yiwu ba za a rufe ajin, mai so ya kai ɗansa cocin Bagwai. Wa zai tura yaro Bagwai a ƙafa da cikin da bai ƙoshi ba? Shekara goma sha shida kina riƙe da ajin nan, ko layi ɗaya ba ki bar mini a rubuce ba. Na zazzage akwatinki, na buɗe Littafinki Mai Tsarki shafi shafi, allura kawai na samu. Komai a kanki yake, kika tafi da shi. Haka kika yi da ciwon, kika riƙe shi ke kaɗai har kika faɗi a bakin rijiya. Wace irin rowa ce wannan?

Na yi yadda na iya. Na ja layi na tsara: addu'a, waƙa biyu, haddar aya, wasan kwaikwayo, sai dafaffiyar gyaɗa tunda shinkafa ta fi ƙarfinmu. Na zaɓi labarin Kayinu da ya kashe ƙanensa Habila don akwai miƙa wa Allah baikon amfanin gona a ciki. Na raba aikin bisa shekaru don kada a ce na yi son kai. Markus ɗan Bawa ne babba, ya zama Kayinu. Ishaya ɗan Tanko na bi masa, ya zama Habila. Na miƙa wa Markus fartanya ya riƙe.

Kin riga kin gane, ko? Bawa da Tanko uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku ba sa gaisawa kan kunyoyi biyu na iyakar gonar ubansu. Na sani sarai. Har ranar da Bawa ya ɗaga wa ƙanensa fartanya a gindin kuka tana nan a littafin da nake rubuta abubuwan kullum. Na rubuta, amma ban haɗa ba.

Talata yara suka yi gwaji. Laraba da safe Bawa ya tsaya a ƙofar gidanmu ko sallama babu, yana tambaya yaushe na zama fasto da zan yi masa wa'azi da bakin ɗansa. In mai kisan kai nake kiransa, in fito mu yi ta gemu da gemu. Ya janye yaransa huɗu. Tanko ya bi gari yana cewa Malam Dauda ya faɗi gaskiya, wannan yabon kuwa ya fi mini zagin ciwo. Matarsa ta hana nasu uku, wai ba za a kwantar mata da ɗa a ƙasa kamar gawa ba a shekarar da ake binne yara. Saura huɗu, Ladi. Biyu namu ne.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk shekarar da kika zura tsohuwar babbar rigata kika fito a Fir'auna ko Hirudus, kina kumbura murya ana ta dariya, kunya nake ji. Nakan sunkuyar da kai. Na ɗauka son a kalle ki ne, kina ƙwace wa yara wasansu. Jiya na koma tsofaffin littattafaina ina neman tsarin da kike bi, sai na ci karo da rubutun hannuna na shekara tara baya: “Na tambayi Ladi me ya sa kullum ita ce mugu. Ta ce kowane yaro a garin nan da ubansa a kan benci. Ban gane ba.” Ƙarƙashinsa na rubuta cewa akuya ta haihu.

Ashe kin faɗa. Sau ɗaya, kina tankaɗe, ba ki ko ɗago ba. Me ya hana ki maimaita? Kin san mijinki, sai an zaunar da shi. Ko kuwa kin maimaita ne ina can ina ja wa takarda layi? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke ci na.

Yau na je gidan Bawa na durƙusa, mutumin da na girma da shekara biyu. Na ce Markus zai karanta aya, Ishaya zai ja waƙa, ba ɗan kowa da zai kashe ɗan kowa. Ya ce sai ya gani. Da yamma yaransa biyu suka zo gwaji. Na Tanko har yanzu shiru.

Iliya ɗanmu ne Habila, shi ya ce yana so. Na ciro babbar rigar nan tawa daga ƙasan akwati, har yanzu tana ƙamshin hayaƙin murhunki. Kin san ni, ko sanarwa na tashi yi a coci sai murya ta sarƙe. Ranar Lahadi ni zan ɗaga fartanya a kan ɗana a gaban garin nan, in kumbura murya, su yi dariya har su manta ba sa gaisawa. In ba su yi ba, an rufe ajinki a hannuna.

Ban huce ba tukuna. Ki huta, tunda da kina nan ba ki yarda kin huta ba.

Mijinki da bai gane ba sai bana,
Dauda