Gangaren Ɗakin Tiyata

Zuwa ga ƙanena likita,

Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara. Da fatan tarin ƙaramar ya lafa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

"Yaya, duk ranar da aka turo ni asibitinku, hannunki zan kama in zaga da ke ofis-ofis, in ce ga wadda ta goye ni." Kai ka rubuta wannan, kana aji biyu a makarantar likitanci. Wata bakwai ke nan da aka turo ka. Ban ga zagaye ba. Abin da na gani shi ne ranar da muka haɗu a bakin lif, kana tare da abokan aikinka, ka ce mai turi ta ɗan matsa da gadon. Na matsa. Na haɗiye, na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na jiya kam ya ƙi haɗiyuwa. Sistar ɗakin mata ta nuna mini takardarka: ranar Alhamis, in za a kai Inna aikin ƙugunta, kada a ba ni gadon, a ba Guguwa. Wai ni 'yar mara lafiya ce, dangi kuma ba sa aiki a kan dangi. Dokar nan na karanta ta tun kana koyon ɗaura agogo. Ta masu riƙe wuƙa ce, ba ta hau kan masu tura gado ba. Tsoronka ɗaya ne: Inna ta kira ni 'yata a baranda, ta kira ka auta, mutane su gane cikinmu ɗaya.

Ka san abin da ya sa ake ce wa abokin aikin nan nawa Guguwa? Gangaren da ke tsakanin ɗakin mata da ɗakin tiyata, a ƙarshensa akwai ƙarfe a dokin ƙofa, tudunsa yatsa biyu. Shi a guje yake saukowa, taya ta doki ƙarfen, mara lafiya ya yi sama kamar buhu a bayan mota. Ni da baya nake saukowa, nauyin gadon a cikina. In na iso ƙarfen sai in tsaya, in haurar da taya ɗaya, sannan ɗayar. Shekara goma sha tara ban taɓa sa mai karaya ya yi ƙara a wurin nan ba. Inna kuwa ko tari ta yi sai hawaye.

Kai a shirye ake kawo maka mara lafiya, ya yi shiru, ya zama lamba a fayil. Tsakanin gado da gado namu ne. A nan ne mutum ke kallon fitilun silin suna wucewa, ya kama hannun rigarka ya tambaya ko zai farka. Ba ka taɓa jin tambayar nan ba, don ba likita ake yi wa ita ba. Uwarka za ta yi ta, kuma ka zaɓar mata wanda ba ya waiwaye.

Na ba ka zuwa Laraba, sha biyun rana. Ka je da ƙafarka wurin sista ka janye takardar. In ba ka yi ba, ranar Alhamis zan ajiye katin aiki, in sa kayan gida, in zo a matsayin 'yar mara lafiya, wadda aka yarda ta raka ta har ƙofa. Duk wanda ya tambaye ni ni wace ce, zan gaya masa, in haɗa da cikakken sunanka. In mun iso gangaren kuwa, zan ture Guguwa in kama gadon. Su kore ni daga aiki bayan Inna ta haye.

Ka shafa mini kan yara.

Yayarka.